Ɗakin da Aka Yi wa Rauda Fenti

"Ni ba zancen fenti nake yi miki ba, Mma. Fenti na gani, ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Tambayarki na yi: me kika faɗa wa Mba Yidana?"

"Wane Yidana? Garin nan Yidana guda ne? Ko mahaucin bakin masallaci ai Yidana sunansa."

"Mai hostel. Wanda kuka zagaya bayan tankin ruwa kuna magana, ni da Fuseina muna duba inda za mu shimfiɗa katifa."

Mulikatu ta sunkuya ta ci gaba da goge teburin da ta riga ta goge tun da safe. Sabo ne fil, ƙamshin katako bai gama barinsa ba. Ta goge samansa, ta goge ƙafafu, ta dawo ta tokare aljihun teburin da cinyarta. Rauda kuwa tana tsaye daga cikin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan nan.

"Yau kuma ni ake tuhuma? Don kin ci jarrabawa? To sannu, lauya."

"Mma, ki dube ni."

Ba ta duba ba. Kuma duk wanda ya san Mulikatu mai fura a unguwar Moshi Zongo ta Tamale ya san ba ta da nauyin ido. Matar da ke tsare direban yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, da kallo har ya manta kwanar da zai sha, yau ga ta nan ta kasa ɗaga kai ta kalli yarinyar da ta goya.

Bari dai a koma baya kaɗan, saboda wanda bai san gidan ba.

Rauda ba Mulikatu ce ta haife ta ba. 'Yar ƙanenta ce, marigayi Tahidu. Mulikatu ta yi zaman aure Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gidan ubansu ta kafa turmi tana dakan fura. Ranar da aka yaye Rauda, Tahidu ya ɗauko ta da ɗan ƙunshin kayanta ya dire wa yayarsa, yadda aka saba a nan, 'ya mace gwaggonta ke riƙo. Uwar yarinyar, Ashetu mai ɗinki, ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta ta share, don ba a jayayya da dangin miji a kan irin wannan. Da Tahidu ya rasu, ta ɗora keken ɗinkinta a mota ta koma Kasalgu wajen nata dangin. Rauda ta tashi tana kiran Mulikatu Mma, wadda ta haife ta kuma Anti Ashetu. Ba wanda ya koya mata. To, a ce dai ba wanda ya koya mata.

Kasalgu ba wani nisa ne da shi ba, amma a bakin Mulikatu ya fi Makka nisa. In Rauda ta ce za ta je gaisuwa, ranar ciwon gwiwa zai tashi, ko nono ya zo da yawa a rasa mai tayawa. Sai dai Sallah zuwa Sallah. Sallar ma tare ake zuwa, Mulikatu ta ɗosana a bakin benci, jaka a cinya, mayafi a kafaɗa, kamar mai jiran mota.

Amma kada wani ya ce ba ta riƙe yarinyar da amana ba, ya ɗauki alhaki. Lokacin ƙyanda a bayanta Rauda ta yi jinya, tana daka tana jijjiga ta. Naman miya ko guda ne, a kwanon Rauda yake sauka. Sakandare ma ta jeka-ka-dawo aka sa ta, wai cikin yarinyar ba ya son abincin makaranta. Cikin da ke tashi da malmala biyu ya nemi ƙanzo.

Da sakamako ya fito, jami'a biyu suka kira Rauda, ɗaya a Kumasi, ɗaya nan Tamale. Ba ta shawarci kowa ba ta zaɓi ta gida. Mulikatu ta rangaɗa guɗar da ta sa kajin maƙwabta suka watse. Washegari ta kwashe buhunan gero daga ɗakin Tahidu, ta kira mai fenti ya shafe shi shuɗi, ta sa kafinta ya buga tebur mai aljihu, aka ɗaura fanka a sama. Duk mai zuwa sayen fura sai an ja shi ya leƙa.

"Ɗakin 'yar jami'a ke nan. A cire takalmi."

Rauda ta bari sai da fentin ya sha iska, sannan ta zauna kusa da turmi tana taya ta mulmula.

"Mma, ɗakin ya yi kyau. Amma fa hostel zan zauna."

"Hos-me?"

"Kusa da makaranta. Kin ga nan injin niƙa na tashi tun kafin rana ta fito, masu fura na sallama har la'asar, ga nisa. Ni da Fuseina za mu haɗa ɗaki. Kowace Juma'a ina nan, in kwana a shuɗin ɗakina, sai Lahadi in koma. Wallahi, Mma."

Mulikatu ta ce to. Irin to ɗin nan nata da ke fitowa ta hanci.

Fuseina ƙawar Rauda ce tun suna yawo da ɗan kamfai. Kwano ɗaya suke ci, ludayi ɗaya suke karɓa-karɓa, in ka ga ɗaya ka waiga ka ga ɗayar. Su uku suka cika yelo-yelo suka nufi wajen Sagnarigu neman ɗaki, Mulikatu a tsakiya ta baje kamar ita ce za ta yi karatun.

Gidan farko ba ruwa, famfon sai tari yake yi. Wannan kam gaskiyarta, ba a kai 'yar mutane inda za ta yini bin jarka a Tamale. Na biyu maza da mata baranda ɗaya, ga wandunan samari a shanye a igiya, Mulikatu ta yi a'uzubillahi ta ja hannun yaran. Na uku ba abin da ya same shi, sai ta ce idon mai gidan bai kwanta mata ba. Fuseina ta ce, "Mma Mulika, mutumin fa tabarau ne a idonsa." Mulikatu ta ce ai shi ya sa.

Sai gidan Mba Yidana, can ta hanyar Kasalgu. Mata zalla. Ƙofar ƙarfe, tsakar gida a share, baƙin tankin ruwa ya kai girman ɗaki. Mulikatu ta ƙwanƙwasa bango, bango lafiya. Ta murɗa famfo, ruwa ya feso mata a zani. Ta leƙa makewayi tana shirin toshe hanci, ba ta samu dalili ba. Yaran sai tsalle suke, wannan ta ce nan za a sa katifa, waccan ta ce can za a ajiye garin rogo da shito, soyayyen yajin nan.

A nan idonta ya sauka a kan taga. Ɗakin wayam yake, ko ƙusa babu, amma tagar da labule. Sabo, ruwan ƙwai da 'yan furanni, an kalmashe bakinsa da siririn ɗinki mai layi biyu. Mulikatu ta san ɗinkin nan. Shi ne a bakin kowace rigar Sallah da ake aiko wa Rauda daga Kasalgu.

"Wannan fa? Tsohuwar mai ɗakin ce ta manta?"

Mba Yidana dattijo ne Badagombe, Hausarsa irin ta kasuwa, mace da namiji duk shi ne a wajensa. Ya washe baki.

"A'a, Hajiya. Maman yaron ne ya kawo. Ashetu mai ɗinki. Shi ya fara ganin ɗakin, ya auna taga da kansa. Ai gidansa nan ne, tafiyar ƙafa. Yaron ya yi sa'a, mamansa na kusa."

Rauda ta waigo da fara'arta, ba ta ɓoye komai ba don ba ta ga abin ɓoyewa ba. "Anti Ashetu ce ta kira ni ta ce ta ga wani gida mai kyau. Ban san har ta yi labule ba. Kin ga ya dace, ko Mma?"

Mulikatu ta ce ya dace. Maman yaron. A gabanta aka faɗa, ita da ta wanke kashin ƙyanda. Tana tsaye a ɗakin nan ta hango komai: an tashi daga karatu da yunwa, ga tuwo da miyar ayoyo tafiyar ƙafa. Yau a leƙa, gobe a yini, jibi a kwana. Juma'a ta zo a bugo waya a ce aiki ya yi yawa. Shuɗin ɗaki ya koma na gero.

To, masu gidajen haya na wajen nan suna da wata ɗabi'a. Kafin su miƙa mabuɗi ga 'yar mutane, sai sun ja babban da ya rako ta gefe sun tambaye shi tsakani da Allah, ko akwai wani ciwo ko wani hali da ya kamata a sani. Ba don mugunta ba, don in abu ya taso su ne a kusa. Kuma abin da babba ya faɗa a wannan tsayuwar, shi ke nan, ba a sake bincike. Wa zai yi wa ɗansa ƙarya?

Mba Yidana ya ja ta bayan tanki. "Hajiya, yaron yana da wani abu?"

Hajiyar da ko ƙofar filin jirgi ba ta taɓa gani ba ta buɗe baki za ta ce lafiya lau. Allah ya sani abin da ta yi niyya ke nan. Sai iska ta ɗaga labulen nan ta taga, ya yi mata fil-fil a ido.

"Tana ɗan faɗuwa," in ji Mulikatu. "Ba kullum ba. In ta faɗi dai a janye wuta daga kusa, kuma kada kowa ya taɓa kumfar."

Ita kanta ba ta san daga ina kumfar ta zo mata ba. Ta dai ga fuskar dattijon ta sauya, ya ja da baya kaɗan, ya ce Allah ya sawwaƙe.

A ranta ɗaki ɗaya ta rufe. Ta manta garin da take. Farfaɗiya ciwo ne kamar kowane ciwo, ma'aikatan asibiti sun faɗa har bakinsu ya bushe cewa ba a ɗauka, amma je ka gaya wa mutanenmu. Da sun ji sunan sai a ware kofi, a ware cokali, a ware tabarma.

Mba Yidana ya bugo wa Rauda ya ce ta yi haƙuri, ashe ɗan'uwansa ya riga ya yi wa wata alkawarin ɗakin. Ita da Fuseina suka koma gidan mai tabarau, ya ce ya cika. Suka gwada na gaba, da na gaba da shi. Ana fara'a ana nuna ɗaki, da an ji Rauda daga Moshi Zongo sai a tuna ashe an bayar. Masu hostel ɗin layin nan masallaci ɗaya suke sallah, benci ɗaya suke shan shayin ataya.

Rauda ta riƙa dawowa da ƙafa duk ƙura, ta zube a tabarma. Mulikatu ta dama mata fura mai sanyi tana cewa, "Wani abin alheri ne, 'yar nan. Ga ɗakinki." Har ta sa aka ƙara wa ƙofa fenti. Kwanakin nan da waƙa take daka.

Sai ranar da Kadiatu ta zo. Kadiatu Bafulatana ce da ke kawo mata nono daga rugarsu ta bayan Sagnarigu, kuma ba nono kaɗai take kawowa ba, duk gidan da ta bi sai ta ɗebo labarinsa. Ta sauke ƙwarya ta ce, "Mulika, kin ji abin da ke faruwa a Zongonku kuwa?"

Mulikatu ta jawo kujera har gwiwarsu na gugar juna. Abincinta ke nan. "Faɗi, ina ji."

"Wata ɗaliba ce. An ce ciwon faɗuwa gare ta tun tana goye. An ce ta taɓa faɗawa tukunyar miya, duk bayanta tabo ne, shi ya sa ba ta cire hijabi. Masu hostel duk sun gargaɗi juna."

"Kai! Wayyo. 'Yar gidan wa?"

"An ce riƙonta ake yi. Wai gidan wata mai..." Kadiatu ta dubi turmi. Ta dubi faifan fura. Ta dubi Mulikatu. Sai ta shiga gyara murfin ƙwaryarta da bai karkace ba.

Har ga Allah sai a lokacin Mulikatu ta gane labarinta ne ya dawo mata, ya yi ƙiba a hanya har ba ta shaida shi ba. Ranar ba ta daka ba. Ta zari mayafi ta tari yelo-yelo ita kaɗai, sai gidan Mba Yidana.

"Mba Yidana, maganar nan da na faɗa maka, ƙarya ce. Yarinyar nan ko ciwon kai ba ya damunta. Ni ce shaiɗan ya hau."

Dattijon ya dube ta da tausayi. "Na gane, Hajiya. Uwa ne kai. Kowane uwa haka zai dawo ya ce."

"Wallahi tallahi ƙarya na yi! A kawo Alƙur'ani!"

"Kar ka rantse, Hajiya, ba kyau. Ka faɗi gaskiya ranar farko, Allah zai ba ka lada. Allah ya ba yaron lafiya."

Tana rantsuwa yana ƙara tausaya mata. Da ta fara hawaye ma sai ya ce ka gani ko, abin ya dame shi. Ya shiga ciki ya fito da labulen a ninke cikin leda, ya ce ta taimaka ta mayar wa maman yaron. Ta karɓa. Me za ta ce? Ta kawo shi gida ta tura a aljihun sabon tebur, ta kasa kai shi Kasalgu, ta kasa jefarwa.

Yau kuma da hantsi Fuseina ta zo, bayan ta yi kwanaki ba a ganinta. Mulikatu ta dama musu fura a ƙwarya ɗaya kamar kullum, ta ajiye ludayi. Rauda ta sha ta miƙa. Fuseina ta dubi ludayin, ta ce azumi take. Azumi, da cingam a baki. Ta yi 'yan kame-kame ta tashi, Rauda ta bi ta har bakin lungu. A can Fuseina ta fashe da kuka ta faɗi komai: mamanta ta haɗa ta ɗaki da wata, ta hana ta cin abinci a gidan su Rauda, kuma matar Mba Yidana ta ce ba ƙage ba ne, daga bakin wadda ta riƙe ta aka ji.

Shi ne Rauda ta dawo ta tsaya da takalmi a cikin shuɗin ɗaki.

"Fuseina ta ƙi shan ludayina, Mma. Fuseina."

"Ƙyale ta, 'yar banza mai kan kwakwa. Da can wa ke share mata majina in ba ni ba?"

"Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Mutanen garin nan ba su da aiki sai..."

"Matsa, zan ɗauki takarduna."

Mulikatu ba ta matsa ba, Rauda ta zagaya ta ja aljihun teburin. Leda ta biyo hannunta. Ta buɗe, ruwan ƙwai da 'yan furanni ya zubo har ƙasa.

Mulikatu ta zauna a bakin gado.

"Na koma na ce masa ƙarya ne," ta ce, muryar kamar ba tata ba. "Na rantse masa. Ya ƙi yarda."

"Me na yi miki?"

"Cewa ya yi maman yaron. A gabana, Rauda. Ta je ta auna taga, ni ko a gaya mini. Na ga kina tafiya ne. Na ga ta karɓe ki da tuwo ɗai-ɗai har ta gama karɓewa. Ni me nake da shi? Ita tana da ƙannenki. Ni in kin fita, ni da turmi ne."

"Kumasi suka kira ni, Mma." Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "Karatun da nake so yana can. Malaminmu har kirana ya yi ya ce kada in yi wauta. Na ce in na tafi wa zai shafa miki man zafi a gwiwa. Ban gaya miki ba don kada ki ji nauyi. Tamale na zaɓa saboda ke, na ce miki kowace Juma'a. Na taɓa yi miki alkawari na saɓa?"

Wannan Mulikatu ba ta sani ba. Ita da ta san abin da ke cikin tukunyar kowa a Zongo, wannan ya wuce ta.

"Zan bi su gida-gida," ta ce. "Zan sa liman ya faɗa bayan sallar Juma'a. In tsaya a tsakiyar kasuwar Aboabo in ce ni maƙaryaciya ce, kowa ya ji."

"Su ce uwa ce, dole ta rufa. Ba haka ya ce miki ba? Zan shiga aji kowa na matsar da kujera. Ko kofi na taɓa sai an wanke." Ta share fuska da bakin hijabi, ta fara ninke labulen. "Na kira Anti Ashetu. Ta ce za ta fitar da keken ɗinki baranda, in zauna a ɗakin. Daga can tafiyar ƙafa ce zuwa makaranta."

Abin da ake gudu ke nan, kuma da hannunta ta kai shi har ƙofa. Mulikatu ta yi wuf ta cafke ɗaya bakin labulen.

"Ga ɗaki, Rauda. Ga tebur, ga fanka. Injin niƙan ma zan yi masa magana ya riƙa jinkirtawa. Labulen nata ma a rataya shi nan, ban hana ba. Na gwada shi jiya da ba kya nan, ya yi wa tagar daidai, kamar don ita aka yi. Tsaya ki gani."

"Saki."

"Ki tsaya ki gani mana, 'yar nan."

"Saki, Gwaggo."

Tun da yarinyar nan ta iya magana ba ta taɓa kiranta da wannan sunan ba. Yatsun Mulikatu suka saki da kansu.

Rauda ta cusa labulen da takardunta a jaka. Ba ta ɗauki ko zani ɗaya ba cikin waɗanda aka jera mata a kan gado. Ta juya, takalminta ya bar sawun ƙura a kan sabuwar ledar ƙasa.

"Juma'a fa?" in ji Mulikatu daga bakin gado. "Rauda. Juma'ar za ki zo?"

Rauda ta kama ƙofar nan mai sabon fenti, ta fita, ta buga ta garam, har mabuɗin ya faɗo ƙasa ta ciki.